Kayan Toho da Kayan Zafin Turai: Wanne Zan Saro wa Kaduna?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ban daɗe da aka yaye ni daga koyon ɗinki ba, kuma ina ɗan saro dogayen riguna da mayafai daga Turkiyya ina tallatawa a WhatsApp da Instagram. Duk shafin da na buɗe sai in ga an raba kaya, wasu an rubuta spring, wasu summer. Na sa a manhajar fassara, duka biyun ta ce min bazara. To mene ne bambancinsu, kuma wanne ya kamata in riƙa sarowa tunda a Kaduna nake?

Amsa: Ƙanwata, barka kadai, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kada ki ga laifin manhajar sosai, don ko mutum kika tambaya da wuya ya ba ki kalma ɗaya da ta zauna daidai. Mu shekararmu bazara ce da damina da kaka da hunturu, kuma ruwan sama ne ya yanka mana ita haka: ana jiransa, ya sauka, ya ɗauke, iska mai ƙura ta biyo baya. Su kuwa Turai da Amurka sanyi da tsawon yini ne suka raba musu shekara. Wanda ya fassara na farkon da bazara watanni ya duba, domin duka biyun tsakanin Maris da Mayu suke faɗowa. Wanda ya fassara na biyun da bazara kuma zafi ya duba. Kowa da hujjarsa, amma ke mai saro kaya in kika bi ɗayansu ido rufe, kwantai za ki yi.

Bari mu raɗa musu suna tsakaninmu don magana ta yi sauƙi. Na farkon zan kira shi lokacin toho, saboda a nan ne itatuwansu da suka kaɗe ganye ƙaf a cikin sanyi suke sake tohowa, furanni su buɗe. Na biyun, daga Yuni zuwa Agusta, zafin Turai. Wannan lissafin na arewacin duniya ne. In shafin Afirka ta Kudu ko Ostareliya kika shiga, a juye abin yake, su a Disamba da Janairu suke zufa.

Ki fara da sanin yadda garin nasu yake, don yanayi ne ke fara yanka riga kafin tela ya ɗauki almakashi. A Landan cikin Afrilu, da rana tsaka ma'auni bai cika wuce digiri 15 ba, da asuba kuwa yakan sauka wajen 5 ko 6. Wato tsakar ranarsu ta Afrilu, wadda suke murna da ita suna cewa gari ya yi daɗi, kusan ita ce asubahinmu ta Janairu, wadda yara ke kuka in an ce su yi wankan makaranta. Sannan garin ba shi da alƙawari. Rana ta fito da hantsi, kafin azahar an fara yayyafi, da la'asar iska ta taso. Mutum ba zai koma gida sau uku yana canza kaya ba, shi ya sa shigar lokacin toho gaba ɗayanta riga kan riga ce. Mace za ta sa 'yar riga marar nauyi a ciki, ta ɗora suwaita mai maɓalli wadda ba ta da kauri, ta ɗora kwat a kai, ta naɗa ɗan gyale a wuya. In ta shiga ofis ko jirgin ƙasa ta ji ɗumi sai ta cire na saman ta rataya a hannu, in ta fito ta mayar. Daga ƙasa wandon jins ne ko siket zuwa ƙwauri, takalmi kuma rufaffe, kambas ko sau-ciki, don ƙasa a jiƙe take.

Doguwar kwat ɗin nan mai ɗamara a ƙugu, mai ruwan ƙasa-ƙasa, wadda ba ki buɗe shafin kayan toho ki rasa ta, tana da tarihinta. Wani ɗan Ingila mai suna Thomas Burberry ne ya ƙirƙiro yadin gabadin a 1879, saƙa ce matsattsiya da ruwa ba ya saurin ratsawa amma ba ta da nauyin rigunan ruwa na wancan zamani. Hafsoshin Birtaniya sun sa irinta a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, bayan yaƙi ta shigo gari ta zama ado. Rigar yayyafi da iska ce. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Launi ma daga yanayin ya fito. Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshensa yinin Landan ba ya kai awa 8, mutane sun shafe watanni cikin duhu da baƙaƙen kwat masu nauyi. Da haske ya dawo sai zuciya ta nemi abu mai taushi a ido: ruwan hoda mai haske, shuɗin sararin samaniya, ruwan ƙwai, kore irin na sabon ganye, duk kamar an sirka su da madara. Zanen jiki kuma ƙananan furanni ne birjik. Bikin Ista, wanda ke faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, ya ƙara kafa waɗannan launukan, don da su ake fita coci da ziyara.

Zafin Turai wani labari ne. Cikin Yuli Landan takan kai digiri 23 ko 24, Faris ta ɗan ɗara haka, kudancin Sifen da Italiya da gaɓar Turkiyya kuwa suna haura 35. Kada ki raina zafin Ingila don kin ji adadin, gidajensu don riƙe ɗumi aka gina su kuma yawancinsu babu na'urar sanyaya ɗaki. A Yulin 2022 ma'auni ya haura 40 a can karo na farko tun da aka fara rubutawa, ƙasar ta rikice. Rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, makarantu na hutu, kowa ya nufi bakin teku. A nan riga kan riga ta ƙare. Fallen riga ɗaya ce, ita kaɗai a jiki, kuma abin da ake nema a gare ta iska ta shiga, gumi ya bushe. Sai ki ga riguna marasa hannu, gajeren wando, takalmi buɗaɗɗe, tabarau, da hular kaba mai faɗin baki, wadda ba komai ba ce illa malafar da manomanmu suka daɗe da sani. Shahararriyar cikinsu ana ce mata hular Panama, alhali a Ekwado ake saƙa ta.

Sarkin yaduka a wannan lokacin lilin ne. Daga zaren wani tsiro ake saƙa shi, tun zamanin Fir'auna Misirawa suke sa shi. Yana shan gumi ya saki da wuri, kuma yana da ɗan tauri da ke hana shi manne wa fata. Aibinsa ɗaya, yamutsewa. Ki goge shi tas, ki zauna a Keke daga Kawo zuwa Kasuwar Gumi, ki sauko kamar kin kwana da shi. Turawa sun mai da yamutsewar ma ado, mu kuwa har yanzu in kwastoma ta ga haka sai ta ce yadin ba shi da kyau, don haka ki gaya mata tun kafin ta biya. Bayan lilin sai auduga marar kauri, da wani yadin auduga mai layi-layi da ake kira siyasoka, layi ɗaya sumul ɗaya a tattare, wanda sunansa daga Farisanci ya zo, ma'anarsa madara da sukari. Tattarar ce ke ɗaga yadin daga fata iska ta ratsa, kuma ba ya neman guga. Launukan zafi sun fi na toho ƙarfi da tsiwa: ja, ruwan lemo, shuɗi mai kauri, manyan furanni da ganyaye, sai fari fat. Farin ya samu gindin zama sosai, 'yan wasan tanis na gasar Wimbuldon a Landan har gobe kusan fari zalla aka yarda su sa, Amurkawa kuma suna da tsohuwar al'ada ta ajiye fararen kaya da zarar Litinin ta farko ta Satumba ta wuce.

To ke tela ce, bari in gaya miki bambancin da idon tela. Rigar toho an yanka ta ne da tunanin za a ɗora wani abu a kanta ko a sa wani a ƙarƙashinta. Za ki same ta da dogon hannu ko zuwa gwiwar hannu, wuya a ɗan rufe, sau da yawa da shafi a ciki, yadin kuma matsakaicin nauyi. Rigar zafi ita kaɗai aka yi wa lissafi: babu shafi ko kuma ɗan guntu, hammata a sake, ƙugu ba a matse ba. Wasu shafukan sari suna rubuta nauyin yadi da giram a kowace murabba'in mita. Boyal da ire-irensa ba sa kai 100, yadin shat na zafi yana tsakanin 100 da 150, jins na gaske kuwa yana kusan 400. Hoto ba ya nuna miki wannan. Riga biyu za su iya zama launi ɗaya, yanka ɗaya, ɗaya ki sha iska a cikinta ɗaya ta dafa ki.

Akwai wani abin da zai ƙara ruɗa ki. Manyan gidajen ɗinki na duniya ba ma huɗu suka raba shekara ba, biyu ne: toho da zafi a haɗe, kaka da sanyi a haɗe. Na farkon shi ne SS ɗin da kike gani da lambar shekara a gabansa. Ana baje kolin waɗannan kayan tun Satumba zuwa farkon Oktoba na shekarar da ta gabata, a fara da New York, a je Landan, Milan, a rufe da Faris, don masu sari su yi oda masana'antu su samu lokacin ɗinki. Ko makon baje kolin ɗinki na Legas, wanda Omoyemi Akerele ta fara a 2011, yawanci wajen Oktoba ake yinsa. Kayan sukan fara shiga kantuna tun ana sanyi, masu ɗan nauyi a gaba, marasa nauyi su biyo baya. Saboda haka SS a jikin riga bai gaya miki komai ba game da ko za ta saku a Tudun Wada cikin Afrilu.

Yanzu mu dawo gida, inda kuɗinki yake.

Bazararmu, daga ƙarshen Fabrairu zuwa saukar ruwa, ita ce mafi zafi a shekara. Maris da Afrilu a Kaduna digiri 35 ba labari ba ne, yana wucewa ma. A daidai waɗannan watannin ne shafukan Turai da Turkiyya suke cika ido da kayan toho, kuma a nan sababbin 'yan kasuwa ke faɗawa. Ba sababbi kaɗai ba. Ni da na haura shekara ashirin a kan keke na faɗa. Ƙaramar Sallar 2023 ta faɗo 21 ga Afrilu, sai na ce bari in haɗa da na kanti don rage wa yarana kwanan shago. Na ga wasu dogayen riguna a hoto, ruwan hoda da ruwan madara, hannu har wuyan hannu, tsawo har ƙasa, ga mutunci ga kyau. Na yi odar dozin biyu ban tambayi komai ba sai farashi da awo. Da suka iso na juya ɗaya, yadi mai kauri, shafin roba daga wuya har ƙasa. Mace ta farko da ta gwada, kuma tana azumi, ko zif ban gama ja mata ba ta ce, "Hajiya cire min, numfashina." Uku na sayar. Sauran suna nan a leda sai Nuwamba, da iska ta juya, suka tafi cikin mako biyu kuma ban rage ko sisi ba. Mai kayan bai cuce ni ba, kayan toho ya rubuta, kayan toho ya aiko. Ni ce na ari kalandar wasu, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da na koya ke nan: kayan tohonsu na hunturunmu ne. Safiyar Disamba da Janairu tana so a ɗora riga kan riga, da azahar kuma rana ta buɗe a cire ta sama, daidai abin da aka ƙirƙire su dominsa. Suwaita marar kauri, kwat mai sauƙi da za a ɗora kan atamfa a tafi ofis, doguwar riga mai shafi, safa da takalmi rufaffe don faso, duk a nan suke da kasuwa. Ga bukukuwan aure da ke cunkushe a Disamba, ga Kirsimeti ga kwastomominki na Barnawa da Sabon Tasha. Gyara ɗaya za ki yi, launi. Ruwan madara da hoda mai haske ba sa jure ƙurar hunturu, kafin la'asar wuyan riga ya yi ja. Baƙi ma tona asiri yake, ƙura na kwanciya a kansa kamar an barbaɗa gari. Ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan goro da kore mai duhu sun fi rufa asiri. Ki kuma guji roba zalla a wannan lokacin, don in iska ta bushe yadin roba manne wa ƙafa yake yana ƙas-ƙas, mace na tafiya siket na hawa. Manyan kwat na sanyin Turai masu kamar bargo kuwa ki bar wa mutanen Jos da masu acaɓan asuba.

Kasuwar kayan toho ta biyu ƙarama ce, markar Agusta, lokacin da za a wuni uku rana ba ta leƙo ba, da yamma a ji sanyi na ratsa ƙashi. Kwat ɗin gabadin da na ce ki riƙe, nan ne wurinta, in kina da ma'aikatan banki da 'yan jami'a cikin masu sayenki.

Kayan zafin Turai su ne na bazararmu, amma yadin za ki ɗauka, yankan ki bar musu. Su maganin zafi a wajensu rage tufa ne, mu kuwa yawancin masu sayenmu ba za su fita da damtse a waje ba, kuma ko da addini da al'ada ba su hana ba, ranar Afrilu ta Kaduna ba wadda ake bai wa fata ba ce. Hanyarmu ta fi tsufa: a rufe jiki da abu mai faɗi. Dubi Buzaye da ke cikin hamada, naɗe suke ruf. A 1980 wasu masu bincike sun buga gwajin da suka yi a mujallar kimiyya ta Nature, kan abin da ya sa Larabawan hamada ke sa baƙaƙen riguna cikin rana. Sun samu baƙar ta fi farar kwasar zafi, amma abin da ke isa fatar mutum kusan ɗaya ne, saboda rigar sakakkiya ce, iska na zagayawa tsakaninta da jiki tana fitar da zafin. Kada ki ɗauki wannan ki ɗinka wa mutum baƙar riga matsattsiya ki ce kimiyya ce ta ce. Faɗin ne ke aikin. Shi ya sa bubu ba ta taɓa fita yayi a garin nan ba, kuma shi ya sa dattijo cikin babbar riga yakan fi saurayi mai ɗamammen kaftani shan iska.

Don haka in bazara ta doso, nemi dogayen riguna sakakku na lilin, auduga ko biskos, marasa shafi. Biskos, yadin da ake haɗa zarensa daga itace, yana da sanyi da zubi mai kyau, sai dai yana shiga in an wanke shi kuma ba shi da ƙarfi in ya jiƙe, ki ce a wanke shi da hannu ba a murɗe ba. In yadin shara-shara ne dole sai da shafi, ki cire na robar ki sa na auduga, aikin awa ɗaya ne a wajenki kuma shi zai bambanta ki da mai sari kawai. Ki lura kuma zafinmu iri biyu ne. Na Maris busasshe ne, gumi na fita yana bushewa. Na ƙarshen Afrilu da Mayu, in hadari ya fara haɗowa yana watsewa, jiƙaƙƙe ne, gumi ba ya zuwa ko'ina, a nan ƙurajen zafi ke fesowa a wuya da baya. Rigar da aka daure da ita a Maris, a Mayu ba za a iya ba.

Mayafi da hijabi ma haka. Yawancin shifon roba ne, amma saƙarsa a buɗe take, iska na wucewa, shi ya sa ake jure shi. Hijabi mai santsi mai kauri da ke zuba har ƙasa shi ne tanda. Abayar Dubai mai laushin nan ita ma mafi yawanta roba ce, an yi ta ne don masu fita daga sanyin gida su shiga sanyin mota su shiga sanyin kanti. Wadda za ta tsaya bakin titin Ahmadu Bello tana jiran abin hawa ki gaya mata gaskiya.

Wannan maganar ta shafi ɗinkinki na gida fiye ma da na sari. Mu da muka tashi muka tarar da masaƙun Kakuri na aiki, KTL da aka buɗe tun 1957 da UNTL da Arewa, mun san lokacin da in an ce atamfa to auduga ake nufi, ba sai an tambaya ba. Yau rabin abin da ke kasuwa zanen atamfa ne a kan roba. Ido ba ya rabewa, sai jiki. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne wuta: zare ɗan zare daga bakin yadi ki kusanta shi da ashana. Auduga da lilin za su ci da warin takarda su bar toka mai laushi. Roba za ta narke ta dunƙule ta yi ƙwallo mai tauri, da warin leda. Ɗiga ruwa ma yana nunawa, amma sabon yadi mai sitaci yakan yaudare ki. Shadda mai kyau, irin Getzner ta Ostiriya, auduga ce, sai dai sheƙi da bugu da sitaci suna toshe ta, sabuwa fil ta fi wadda aka wanke sau biyu zafi. Leshi kuma in na boyal ne mai gindin auduga, ya yi. Mai duwatsu a kan raga, wanda sai an yi masa shafi ninki biyu, ki ba amarya shawara ta ajiye shi sai liyafar dare. In aka zo miki da maganar anko, tambayar farko ita ce wane wata ne bikin, kafin a zo kan launi.

Damina ce ba ta da 'yar'uwa a kalandarsu, don tana faɗowa daidai lokacin da su suke bakin teku da fararen kaya. Wadda ta saro farin lilin mai jan ƙasa a Yuli don ta ga shi ake yayi a intanet, ba ta taɓa taka jar lakar Rigasa bayan ruwa ba. A damina ki ɗage tsawon riga ya tsaya a idon sawu, ki zaɓi launi mai duhu ko zane mai cika wanda fallatsin taɓo zai ɓace a ciki. Kuma a nan ne robar da nake ta zagi take da rana. Auduga mai kauri da jins in aka shanya su cikin marka sai su kwana biyu ba su bushe ba, su ɗauki warin da ko turaren wuta a kabbasa ba ya kashewa. Yadi mai gaurayen auduga da roba kuwa kafin magariba ya bushe. Takalmi da jakar fata suna fumfuna, ki rage su, ki ƙara na roba masu kyau.

Sai lokacin sari, wanda a ganina nan ribar take. Tunda kalandarmu ta saɓa da tasu, ragowarsu ita ce sabon kayanmu. Kantunan Turai suna karya farashi daga ƙarshen Yuni, a Faransa ma doka ce ta tsara lokacin, mako huɗu. A farkon rangwamen kayan toho ake kakkaɓewa, ki saye su don marka da hunturu. Zuwa Agusta na zafi ake neman kai da su, su ne za ki fito da su a Fabrairu da Maris. 'Yan sarin Laleli da Merter a Istanbul su ma da juyawar lokaci suke son share shago. Amma ki yi lissafi da kyau, don jarinki zai kwanta wata biyar ko shida, canjin dala kuma ba ya jiran kowa. Mai ƙaramin jari kada ta wuce kaɗan, kuma ta tsaya kan abin da ba ya tsufa: doguwar riga marar tarkace, launi ɗaya, mayafi. Duk abin da yayinsa ya dogara da wani salon hannu ko wani ado na bana, kafin ki buɗe ledar an wuce wurin.

Ki riƙa duba kalandar Musulunci tare da wannan, don Sallah ita ce babbar kakarmu, kuma ba ta zama wuri ɗaya, kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. A 2025 ƙaramar ta faɗo 30 ga Maris, tsakiyar zafi, babbar kuma 6 ga Yuni, ruwa ya sauka. Nan da 'yan shekaru ƙaramar za ta shiga cikin hunturu, a lokacin ne kayan toho za su zama kayan Sallah na gaske, irin rigunan nan nawa da suka yi wata bakwai a leda.

In kina son hannunki ya waye da sauri, ki ware rana ki shiga wajen 'yan gwanjo a Kasuwar Barci. A dila ɗaya za ki samu kowane lokaci na Turai a cakuɗe. Ki ɗaga riga ki ji nauyinta, ki juya ta ki ga shafi, ki yi hasashen yadin, sannan ki duba ɗan ƙyallen da ke liƙe a ɗinkin gefe ki ga ko kin canka. Tunda kuma Turkiyya kike sari, haddace kalmomin nan nasu, sun fi miki hoton amfani: ilkbahar shi ne toho, yaz zafi, pamuk auduga, keten lilin, viskon biskos. Astarlı na nufin da shafi, astarsız babu shafi. Kafin ki tura ko kwabo, ki sa mai kayan ya juya rigar ya ɗauko miki hoton cikinta da na ƙyallen.